Tuƙin sanda ko sitiyari? Amsa ga mai sabon kwale-kwale a Bur Sudan

Malam, ka ce ka sayi kwale-kwalen fiba mai tsawon mita 7, za ka ɗora masa Yamaha mai ƙarfin doki 40, kana tambaya ko ka bar shi da sandar tuƙi ta jikin injin, ko ka sa a kafa maka sitiyari a tsakiya. In dai kamun kifin da za ka yi tsakanin Bur Sudan da Sawakin ne, ni sanda zan ce maka.

Dalilina na farko gishiri ne. Ruwan Bahar Maliya yana da kusan giram 40 a kowace lita, alhali galibin tekuna 35 ne. Sitiyari kuwa da kebul yake aiki, tun daga tsakiyar jirgi har bayansa, ga na giya, ga na totur. Ka yi sati uku ba ka fita ba, ba ka kuma sa giris ba, sai ka tarar sitiyarin ya ƙage. Na taɓa kwance wani, tsatsa ta riƙa zubo min a tafin hannu kamar garin barkono. Sanda fa? Ƙarfe ɗaya ne manne da inji, ka murɗa totur ka wuce.

Sai fili. Akwatin sitiyari yana zama daidai inda za ka ajiye sandukin ƙanƙara, taru kuma ba abin da yake so kamar ya sarƙe a kusurwarsa. A cikin duwatsun murjani ma, sanda tana juya jirgi nan take, sitiyari sai ka yi ta murzawa. Sabon hannu dai ya kula, in ka tura sanda hagu, dama jirgi zai nufa.

Amma kada in zalunci sitiyari. Mai sanda yana zaune can baya, shi da inji da tankin mai, sai goshin jirgi ya ɗaga ya tare masa gaba, dole ya mayar da kaya gaba ko ya tsayar da yaro yana duba masa murjani. Mai sitiyari a tsaye yake a tsakiya, yana ganin inda ruwa ya sauya daga shuɗi zuwa kore, wato inda zurfi ya ragu, tun da nisa. Ranar da iskar arewa ta taso kuma, awa biyu riƙe da sanda, kafaɗarka za ta ba ka labari da daddare.

Saboda haka in kana da niyyar komawa inji mai doki 75 ko 85, ko ɗaukar baƙi zuwa Sanganeb, tsibirin murjanin nan da ke cikin teku kusa da Bur Sudan, sa sitiyari tun yanzu. In ba haka ba, kuɗin nan ka sayi farfela ta ajiya da sanduki mai kyau. Igiyar nan ja mai kashe inji in ka faɗa ruwa kuwa ka ɗaura ta a hannu kullum, don mai sanda a bakin jirgi yake zaune.