Gargaɗi kan masu tallar rezin da alƙawarin "zubi ɗaya, ya daskare kafin gari ya waye"

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'ar hannu, musamman kafintoci da matan da suka shiga harkar tire, agogon bango, maratayin makulli da teburin efoksi, wato wani nau'in rezin, ruwan roba da ke daskarewa ya yi tauri kamar gilashi. Akwai wata damfara da ke yawo a shafukan sada zumunta, ta kuma fara cin mutanen da na sani. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Tallar kusan iri ɗaya ce. Za a nuno bidiyon katako biyu da rami a tsakaninsu, a kwarara rezin shuɗi daga bokiti, nan take sai ga tebur ya kammala yana sheƙi. A ƙasa a rubuta cewa nasu rezin ana zuba shi kaurin santimita 10 lokaci guda, ya daskare cikin dare ɗaya, kuma kuɗinsa rabin na kasuwa ne. Ka tura kuɗi, a sa maka a mota. Abin da zai iso hannunka jarkoki biyu ne, babu sunan kamfani, babu takardar bayani, sai A da B da aka rubuta a jiki da hannu. Wasu har aji suke buɗewa a WhatsApp, su karɓi kuɗin rajista, sannan su ce wa ɗalibai in ba kayansu aka saya ba aiki ba zai yi kyau ba.

Duk wanda ya san efoksi, daga jin alƙawarin nan zai gane ƙarya ne. Ba iska ce ke busar da efoksi ba. Haɗuwar ruwan A (rezin ɗin) da na B (mai sa shi kamawa) ce ke daskarar da shi, haɗuwar kuma tana fitar da zafi, kamar yadda siminti ke ɗumi idan yana kamawa, sai dai zafin efoksi ya fi nesa ba kusa ba. Idan zubin siriri ne, zafin yakan fice ta sama ba tare da ɓarna ba. Idan ya yi kauri, zafin sai ya taru a ciki, ya ƙara wa haɗuwar sauri, saurin kuma ya ƙaro wani zafin. Nan da nan sai ka ga yana hayaƙi, ya yi rawaya, ya tsage, ya janye daga jikin katako. Yana iya narkar da kofin roba, yana iya ƙona hannu.

Saboda haka ne kamfanoni ke yin iri biyu. Akwai na shafe saman tebur, wanda galibi ake haɗa shi awo ɗaya na A da awo ɗaya na B, ana zuba shi kaurin milimita 3, in ya yi yawa 6, kuma cikin awa 24 ya yi tauri. Akwai na zubi mai zurfi, galibi biyu da ɗaya ake haɗa shi, ya fi tsinkewa, yawancinsu iyakarsu wajen santimita 5 ne a zubi ɗaya, kuma sai ya kwana biyu, uku ko fiye kafin a cire shi daga mazubi. Da gangan aka yi shi da wannan nawar, don zafin ya riƙa fita a hankali. To wanda ya ce maka nasa yana ɗaukar kauri kuma yana saurin kamawa, ya haɗa maka abu biyu da ba sa zama wuri ɗaya.

Mu kuma ga yanayinmu. Alƙaluman da ke jikin galan an auna su ne a ɗaki mai zafin digiri 21 zuwa 25. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, watan Afrilu zafi kan haura 40, balle a shago mai rufin kwano. Duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aikin rezin da kusan rabi. Ko na gaske ka saya, a bazara dole ka rage kaurin da aka rubuta, ka yi zubi da dare ko da asuba, ka kunna fanka ta riƙa kaɗa mazubin.

Wani kafinta a layinmu ya karɓi aikin teburin cin abinci, ya sayi irin jarkokin nan, ya zuba santimita 5 lokaci guda kamar yadda aka gaya masa. Bai gama wanke hannu ba hayaƙi ya fara tashi. Rezin ya dare daga wannan kai zuwa wancan, katakon da ya sha wahalar nema ya tafi tare da shi, ga mai aiki yana jiran kayansa. Da ya kira mai sayarwar, sai aka ce masa shi ne bai iya awo ba, ya sake saye a koya masa. Wannan ne ɓangaren da ya fi ƙona mini rai. Sun san sabon shiga ba shi da hujjar musu, zai ɗora wa kansa laifi, ya sake turo kuɗi. Wanda ya matsa da tambaya kuwa, sai a toshe lambarsa.

Abin da ke cikin jarkar ma ba kullum efoksi ba ne. Wani lokaci rezin ɗin foliyesta ne, na masu aikin faiba, wanda ya fi araha kuma ya fi tsukewa idan ya daskare. Ana gane shi da wari mai hawa kai, kuma abin daskarar da shi ɗan ƙaramin kwalba ne da ake ɗigawa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Efoksi na gaske warinsa kaɗan ne. Wani lokacin kuma efoksin ne aka tsinka da tina don ya yi auki, sai ya ƙi yin tauri, bayan mako guda farce na shiga jikinsa.

Suna cuta a lissafi ma. Lita 1 tana rufe murabba'in mita 1 ne a kaurin milimita 1. Ramin tebur mai tsawon santimita 180, faɗi 20, zurfi 5, lita 18 zai ci, wato kusan kilo 20. Wanda ya ce maka lita 5 ta isa, so yake ka tsaya a tsakiyar aiki ka dawo gare shi a kan farashin da ya ga dama.

Idan zurfin aikinka ya wuce abin da rezin ɗinka ke ɗauka, zubi hawa-hawa ake yi. Ka fara shafa wa katako siriri ka bari ya kama, don toshe ƙofofin da ke fitar da kumfa. Hawa na gaba ana zuba shi lokacin da na ƙasa ya yi danƙo: ka taɓa da safar hannu, ya ɗan manne amma bai biyo yatsa ba. A wannan lokacin hawa biyun sukan haɗe su zama jiki ɗaya. Idan ya riga ya yi tauri, sai ka goge shi da samfefa, ka share ƙurar tas, in ba haka ba wata rana zai ɓare. Da damina wani maiƙo kan fito a sama saboda laima, a wanke shi da ruwa a bari ya bushe kafin guga. Da hunturu a rufe aikin saboda ƙura. Amma kada wani ya ruɗe ka cewa na shafe sama zai maye gurbin na zurfi. Santimita 5 a milimita 5 hawa 10 ke nan, kuma layukan sukan bayyana ta gefe.

Kafin ka biya kowa, ka nemi sunan kamfani da takardar da ta nuna ma'aunin haɗi, ko da sikeli ne ko da kofi, da iyakar kauri da lokacin daskarewa. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. Ka sayi kaɗan ka gwada a waje, a kaurin da za ka yi aiki da shi, kana sane cewa babban zubi ya fi ƙaramin gwaji ɗaukar zafi. In ya fara hayaƙi, kada ka shaƙa, kada ka taɓa da hannu, a nisanta shi da yara da duk abin da ke kama wuta har ya huce.

Wanda aka riga aka cuta, ya adana shaidar tura kuɗi da hoton talla da saƙonnin da suka yi, ya sanar da bankinsa da wuri. A Najeriya ana iya kai ƙorafi ga hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. A kuma tura wa 'yan ajin da kuka yi rajista tare, domin yawanci kaya iri ɗaya aka sayar muku gaba ɗaya.