Zaɓen deliget ko kowane mamba da ƙuri'arsa ta waya: wanne za ku sa a kundin ƙungiya?

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ka ce mambobinku sun kai 600 a rassa 20, kuna gyaran kundin tsarin mulki, kuma kwamiti ya rabu biyu: wasu na son a ci gaba da turo deliget uku-uku daga kowane reshe, wasu na son kowa ya jefa ƙuri'arsa ta intanet. Ku ɗauki na biyun. Amma kada ku rubuta shi a kundi sai tare da sashen da ya yi bayanin rajistar masu zaɓe dalla-dalla, domin a rajista ake cin zaɓe, a can kuma ake sace shi.

Ka fara da lissafin da ke gabanka. Rassa 20 sau uku, deliget 60 ke nan. Kusan kowane kundi irin naku yana ƙara shugabanni masu ci da tsofaffin shugabanni a matsayin deliget kai tsaye, a ce su 15. Jimla 75. Duk wanda ya riƙe mutum 38 ya zama shugaban mutum 600. Kuma shugaba mai ci ya riga ya shiga fili da nasa a aljihu kafin a buɗe taro. Wanda ke neman kujerar ba sai ya san damuwar ƙaramin ma'aikacin da ke ƙauye ba, abin da yake bukata shi ne lambar wayar shugabannin rassa. Shi zai kama musu ɗaki a otal, ya ba da kuɗin mota, daren jajiberen zaɓe kuma ambulan ya zaga. Da safe sai ka ji an fito da maganar masalaha, an roƙi mutum biyu su janye, an tafa, an tashi. Abin da ya fi ci mini rai a wannan tsari shi ne yadda ake fitar da deliget ɗin kansu. Kundi yakan ce reshe ya zaɓe su a taro, amma a aikace shugaban reshe ne ke rubuta sunansa da na sakatarensa da na wani na hannun damansa ya aika. Daga nan mamba ya gane ba shi da ta cewa, sai ya daina biyan kuɗin shekara, ku kuma ku zauna kuna kukan asusu babu komai.

Zan yi wa deliget adalci da abu ɗaya: yana da arha, ana gamawa a yini guda, kuma ba ruwansa da sabis ɗin waya. Iyakarsa ke nan.

Ɗayan tsarin kuwa, ka dubi yadda ranar zaɓe take. An buɗe ƙarfe takwas na safe, za a rufe bayan awa 24. Mamba tana bakin aiki a ƙaramar hukumar da ke da tafiyar awa huɗu daga babban birnin jiha, mai shayarwa ce, shekara biyar rabonta da babban taro. Saƙon tes ya shigo da lambar sirri, ta buɗe shafin, ga hotunan 'yan takara da sunayensu, ta danna, ta tabbatar, saƙo ya dawo cewa ƙuri'arta ta shiga. Ba ta nemi izinin fita daga ofis ba, ba ta kwana a gidan kowa ba, babu wanda ya tsaya a kanta yana kallon inda ta sa hannu. Irin waɗannan mambobi su ne mafi yawa a kowace ƙungiyar ma'aikatan sana'a, kuma su ne deliget ba ya taɓa kaiwa gare su. Ɗan takara da ya san cewa matar nan tana da ƙuri'a dole ya yi maganar jinkirin ƙarin girma, da alawus, da kuɗin sabunta lasisi, domin ba zai iya kama wa mutum 600 ɗaki ba.

Ƙungiyar Lauyoyin Najeriya, NBA, ta bi wannan hanya a gaban idon kowa, kuma ya kamata kwamitinku ya karanci abin da ya same ta, mai daɗi da marar daɗi. Rikicin zaɓe a taronta na Fatakwal a 1992 ya bar ta ba shugabancin ƙasa har 1998. Ta ci gaba da deliget har kundin 2015, zamanin Augustine Alegeh, ya bai wa kowane lauya da ya cika sharuɗɗa ƙuri'a ta intanet. Zaɓen farko a 2016 Abubakar Balarabe Mahmoud ya ci, Joe-Kyari Gadzama kuma bai yarda da sakamakon ba, ya tafi kotu. An yi ƙorafi bayan na 2018, an yi bayan na 2020, kuma mafi yawansa a kan rajista ne da kamfanin da ya gudanar da aikin. Duk da haka ka dubi abin da tsarin ya haifar. A 2020 Olumide Akpata, wanda ba shi da lambar SAN ta Babban Lauyan Najeriya, ya kayar da manyan lauyoyi biyu masu ita, da ƙuri'a sama da 9,000, galibi na matasan lauyoyi. A 2022 Yakubu Maikyau daga Kebbi ya ci da sama da 22,000. Wannan adadi ba ya sayuwa da ambulan. Kuma NBA ba ta jefar da karɓa-karɓa ba, kujerar shugaba tana zagaya Arewa da Gabas da Yamma, wa'adi ɗaya na shekara biyu. In tsoron masu son deliget shi ne reshen babban birni zai danne ƙananan rassa da yawansa, maganinsa ke nan: ku raba manyan kujeru tsakanin shiyyoyin sanata uku a cikin kundi, kowa ya yi zaɓe amma ɗan takara ya fito daga shiyyar da lokacinta ya zo.

Yanzu rajista. Ku rubuta rana ɗaya tabbatacciya da ake rufe biyan kuɗi. Lauyoyi 31 ga Maris suke amfani da ita wajen kuɗin izinin aiki. Wanda ya biya bayan ranar mamba ne, amma ba zai yi zaɓen bana ba. In ba ku yi haka ba, saura sati ɗaya za ka ga ɗan takara ya biya wa mutum 80 bashin shekara uku a dunƙule. Biya ya zama ta asusun banki na ƙungiya da sunan mamba, a daina karɓar kuɗi a hannu ana yanka rasit, domin rasit ana iya mayar da kwanan watansa baya, takardar banki ba a iyawa. A kafe rajistar kwana 30 kafin zaɓe a kowane reshe da kuma zauren WhatsApp, da suna da lambar rajistar sana'a da lambobi huɗu na ƙarshen waya. A ba da kwana 14 na ƙorafi. Bayan haka a rufe, shugaban kwamitin zaɓe da ejan na kowane ɗan takara su sa hannu a kowane shafi, kowa ya tafi da kwafi.

Satar da aka fi yi a zaɓen intanet ba ta bukatar gwanin kwamfuta. Wanda ke riƙe da rajista zai duba mambobin da ya san ba su damu ba, masu ritaya ko waɗanda suka fita waje, ya canza lambar wayarsu ko imel ɗinsu zuwa nasa. Lambar sirri ta zo masa, ya yi musu zaɓe. Shi ya sa sharaɗin shi ne waya ɗaya mamba ɗaya, imel ɗaya mamba ɗaya, kuma duk canjin lamba sai mai ita ya nema da kansa kafin ranar rufewa. Ka yi haƙuri, Malam Sakatare, wannan ya shafi ofishinka: in sakatare ko ma'aji zai tsaya takara, dole ya miƙa rajista ga kwamitin zaɓe tun ranar da ya karɓi fom. Kwamitin kuma babban taro ne zai naɗa shi, ba shugaba mai ci ba, mutum biyar ko bakwai da ba sa neman komai.

Ba ka tambaya ba, amma ku yi hattara da masu tallar manhaja. Da zarar labari ya fita za su zo, sau da yawa ta hannun wani a cikinku. Wani zai kawo muku fom ɗin Google da aka yi wa kwalliya ya ce tsarin zaɓe ne, alhali mai fom ɗin yana ganin wanda kowa ya zaɓa kuma yana iya goge layi. Wani zai ce manhajarsa ba a iya kutsa mata, amma ba zai nuna ƙungiya ko ɗaya da ya taɓa yi wa aiki ba. Ku tambaye shi abu huɗu a gaban ejan-ejan: wa ke riƙe da mabuɗin shiga na mai gudanarwa, shin ana iya ƙara suna bayan an buɗe zaɓe, shin manhajar na raba sunan mai zaɓe da abin da ya zaɓa, kuma zai ba da cikakken bayanin wanda ya shiga da lokacin da ya shiga bayan an rufe. Wanda ya fara kame-kame a kan ta ƙarshen, ku sallame shi. Kada ku biya kuɗin kwangila duka kafin aiki, ku riƙe kaso har sai ya miƙa wannan bayani. Ku sa a yarjejeniya cewa zai goge lambobin mambobi bayan an gama, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana hawa kanku ku da kuka tattara su. Kuma kafin a rufe rajista, a yi zaɓen gwaji da tambayar da ba ta da nauyi, kamar garin da za a yi taro na gaba. A nan za ku gano mutum nawa ne saƙo bai isa gare su ba, tun da sauran lokacin gyara.

Rassan da sabis ke ba su wahala, a ajiye musu kwamfuta ɗaya ko waya a sakatariyar reshe mafi kusa, da ejan-ejan a zaune, mamba ya shigo da katin shaidarsa ya yi zaɓe shi kaɗai a ɗaki. Kada a haɗa takarda da intanet a zaɓe ɗaya, nan ne mutum ke jefa ƙuri'a biyu.

Sai ƙorafin bayan zaɓe. Ku kafa kwamitin ɗaukaka ƙara daban da kwamitin zaɓe, kwana bakwai na shigar da ƙorafi, kwana 21 na yanke hukunci, kuma a rubuta ranar miƙa mulki da canza masu sa hannu a banki. Ƙungiyar da ta bar wannan a buɗe takan wayi gari da shugabanni biyu, umarnin kotu, da asusu a kulle. In ƙungiyarku tana da rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, gyaran kundin ba ya tsayawa a kan tafin babban taro, sai kun kai wa hukumar ta amince da shi. Ku shigar da takardun da wuri, kada ranar zaɓe ta zo wanda ya faɗi ya ce da tsohon kundi ya kamata a yi.