Honor Flight: Sharhi Kan Tafiyar Karrama 'Yan Mazan Jiya Zuwa Washinton

Honor Flight Network ƙungiyar sa-kai ce a Amurka wadda ba riba take nema ba. Aikinta shi ne ɗaukar 'yan mazan jiya daga garuruwansu a jirgin sama zuwa birnin Washinton domin su ga wuraren tunawa da aka gina saboda yaƙe-yaƙen da suka yi, sannan a mayar da su gida ba tare da sun biya ko sisi ba. A ganina hidima ce da ta cancanci yabo, amma abin yabon bai tsaya ga gine-ginen da ake ziyarta ba, domin waɗannan a buɗe suke ga kowa kuma kyauta ake shiga. Abin da ƙungiyar ta ƙware a kansa shi ne tsara tafiya mai wuya bisa gwargwadon ƙarfin dattijon da ya haura tamanin, kuma a daidai nan ne rauninta ma yake.

An buɗe dandalin tunawa da Yaƙin Duniya na Biyu a Washinton a 2004, kusan shekara sittin bayan ƙare yaƙin, lokacin da ƙaramin cikin waɗanda suka yi shi yake dab da shekara tamanin. Earl Morse, tsohon kyaftin na sojan sama wanda yake aikin mataimakin likita a wani asibitin 'yan mazan jiya a garin Springfield na jihar Ohayo, ya lura cewa majinyatansa suna da burin ganin wurin, amma rashin kuɗi da rashin lafiya sun tsare su. Da yake shi ma matuƙin jirgi ne, sai ya roƙi abokansa matuƙa su taimaka bisa sharuɗɗa biyu: kada dattijo ya biya komai, kuma matuƙin da ya kai shi ya kasance tare da shi yini guda cur. A watan Mayu na 2005 ƙananan jirage shida suka tashi da tsoffin sojoji 12. Bayan haka Jeff Miller, wani ɗan kasuwa a Karolina ta Arewa, ya fara ɗaukar manyan jirage shata domin wannan manufa, kuma a 2007 aka haɗe ayyukan biyu. Yau ƙungiyar tana da rassa fiye da ɗari, kuma adadin waɗanda ta kai Washinton ya wuce 250,000 tun a 2022.

Neman shiga ba shi da wahala. Dattijo ko iyalinsa su cike fom a reshen da ya fi kusa da su, su bayyana lokacin da ya yi aikin soja da yanayin lafiyarsa, sannan su jira kira. Ba sharaɗi ba ne sai mutum ya shiga fagen fama. Wanda ya yi aikin girki ko gyaran mota a bariki shi ma ana karɓarsa. Tsarin fifiko kuwa ya burge ni, domin an gina shi ne a kan wanda lokaci ya fi ƙure wa: sojojin Yaƙin Duniya na Biyu da duk wanda likita ya tabbatar yana fama da ciwon ajali su ne a gaba, sai na Koriya, sai na Biyetnam. Wanda yake zaune nesa da kowane reshe akwai wani shiri na daban mai suna Lone Eagle da aka tanadar masa.

Sharaɗin Morse na biyu shi ne ya zama ƙashin bayan hidimar. Ana haɗa dattijo da ɗan rakiya, wanda zai tura masa keken guragu, ya tuna masa lokacin shan magani, ya riƙe shi a matakalar bas, ya kuma saurare shi idan hira ta zo ko ya yi shiru idan hawaye suka zo. Ɗan rakiyan shi yake biyan kuɗin kujerarsa, wanda kan kai ɗaruruwan daloli, kuma ana ba shi horo kafin ranar tafiya. Ana tafiya da ma'aikatan lafiya, ana kuma ɗaukar kekunan guragu masu yawa har saboda waɗanda suka ce ba sa buƙata, domin dandalin da wuraren tunawar suke a kai yana da faɗi ƙwarai, kuma dattijon da ya ƙi keke da safe sau da yawa shi yake nemansa bayan azahar. Wannan tanadi shi ya bambanta tafiyar da yawon buɗe ido na kamfanoni.

A dandalin Yaƙin Duniya na Biyu akwai ginshiƙai 56 da suke wakiltar jihohi da yankunan Amurka na wancan zamani, kuma a gaban ginshiƙin jiharsu ne ayari yakan taru a ɗauki hoto. Daga gefe guda akwai bango mai taurarin zinariya 4,048, kowane tauraro a madadin mutum ɗari da suka mutu. Tsohon sanata Bob Dole, wanda shi ma ya samu mummunan rauni a Italiya a 1945, ya shafe shekaru yana zuwa bakin ƙofar wurin domin tarbar waɗannan ayarori. Dandalin Koriya, da mutum-mutumin sojoji 19 cikin rigar ruwa, ba ya cin lokaci sosai, ko da yake bangon sunayen da aka ƙara masa a 2022 ya sa masu ziyara sun fi daɗewa fiye da da.

Bangon Biyetnam ne wurin da ya kamata mai tsara tafiya ya fi sassauta agogo. An kammala shi a 1982 da baƙin dutse mai sheƙi, ɗauke da sunaye fiye da 58,000, kuma ba a jera su bisa haruffa ko muƙami ba, an jera su ne bisa ranar da mutum ya faɗi. Ma'anar haka ita ce wanda ya nemo sunan abokinsa zai tarar da sauran waɗanda suka mutu tare da shi a rana ɗaya a kusa da juna. Neman suna yana ɗaukar lokaci: a duba littafin jagora, a gano allo da layi, a ɗora takarda a goga fensir har sunan ya fito. Tunda a yanzu mafi yawan matafiyan sojojin Biyetnam ne, reshen da ya ware wa wannan bango ɗan taƙaitaccen lokaci ya gaza a kan ainihin abin da ya kawo mutanen.

A maƙabartar Arlington ana kai su kallon sauyin masu gadi a Kabarin Sojan da Ba a San Ko Wane Ne Ba, inda ake gadi dare da rana tun 1937. Sauran wurare, kamar na sojan sama da na kundunbala, galibi tsayawar hoto ce.

Abubuwa biyu na hanyar komawa su ne suka fi taɓa zuciya. Na farko rabon wasiƙu a cikin jirgi, irin yadda ake yi a bariki, inda ake kiran sunan kowa a miƙa masa ambulan cike da saƙonnin 'ya'ya da jikoki da 'yan makaranta, waɗanda aka tattara a ɓoye. Na biyu tarbar filin jirgi, da tutoci da makaɗa da jama'ar gari a jere. Ga sojan Biyetnam wanda ya koma gida lokacin da ƙasarsa ta rabu biyu a kan yaƙin, kuma bai samu mai yi masa barka da zuwa ba, wannan tarba ta zo a makare da shekara hamsin, amma ta zo.

Babban abin suka shi ne tsawon yinin. Rassa da yawa tafiyar yini guda suke yi, ana taruwa a filin jirgi tun kafin asuba, ba a dawowa sai dare ya yi nisa, kuma duk tanadin lafiyar da aka yi ba ya hana wannan ya zama nauyi a kan mai ciwon zuciya ko mai dogaro da iskar oksijin. Rassan jihohin yamma kan yi kwana biyu ko uku saboda nisa, wanda ya fi sauƙi ga jiki. Haka kuma yawancin rassa ba sa yarda matar aure ko miji su zama 'yan rakiya, bisa hujjar cewa aikin yana buƙatar mai ƙarfi; hujjar tana da ma'ana, sai dai tana raba dattijo da wadda ta fi kowa sanin lalurarsa. Jira ma na iya kai shekaru a wasu wurare, domin kowane reshe da gudummawar jama'arsa yake ɗaukar jirgi, kuma dakatar da tafiye-tafiye da annobar korona ta jawo a 2020 ta ƙara tsawon layin.

Hidimar ta waɗanda suka yi aiki a rundunar Amurka ce kaɗai, saboda haka ba ta shafi kakanninmu da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a Bama ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma ba. Matasanmu mazauna Amurka da suka yi aikin soja a Iraƙi ko Afganistan su ma layi bai zo kansu ba, domin galibin rassa sun tsaya a waɗanda suka yi aiki har zuwa 1975. Ƙofar da take buɗe gare su ita ce ta ɗan rakiya ko mai tarba. Wanda kuma yake da suruki ko maƙwabci da ya cancanta, ya cike masa fom da wuri, ya tambayi reshen ko tafiyar yini guda ce, ya kuma nemi shawarar likitan dattijon tun kafin a sa rana, domin a bazara da kaka ake yawan tashi.