Sashen ba da gudummawar jini: aikinsu ya yi, sai dai zaman jira

Gaskiya sashen karɓar jinin nan sun burge ni, tauraro huɗu na ba su cikin biyar, ɗayan da na riƙe kuma zan faɗi dalili.

Kafin ma a taɓa maka hannu sai an ɗora ka kan sikeli, in ba ka kai kilo 50 ba sai dai ka yi haƙuri, a auna hawan jini, a ɗan tsaga ɗan yatsa a duba ko kana da isasshen jini a jikinka, sannan nas ta jero tambayoyi wasu har da nauyi amma a keɓe take yi ba a gaban mutane ba. Allura sabuwa fil a gabana ta ɓare ta. Ledar da ake tara jinin kusan mililita 450 take ci, wajen minti 10 ta cika, tana kan wata ƴar na'ura mai jijjiga ta a hankali.

Na tambayi mai gwaji me ya hana jinin daskarewa a ledar, ya ce Malam akwai sinadarin sitiret a ciki, tun 1914 Albert Hustin a Beljiyam da Luis Agote a Ajantina suka nuna yana aiki, kafin nan sai an kwantar da mai bayarwa kusa da mara lafiya. Wallahi nan suka saye ni, ma'aikaci ya san aikinsa har ya san waɗanda suka share masa hanya. A bango ma hoton Karl Landsteiner suka kafa, ɗan Ostiriya da ya gano rukunin jini a 1901, da can ƙarin jini caca ce, wani ya tashi wani ya mutu nan take ba a san dalili ba, shi ya gane cewa jinin wani in ya haɗu da na wani dunƙulewa yake. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 1930, kuma ranar haihuwarsa 14 ga Yuni ita ce ranar masu ba da jini ta duniya. Ya cancanta, har ma ina ganin bai kamata hotonsa kaɗai ba, ina Harvey Alter da Michael Houghton da Charles Rice da suka samu Nobel a 2020 kan gano ƙwayar cutar hanta nau'in C? Domin aikinsu ne yau mai jego da ta zubar da jini ko yaro mai sikila za a ƙara musu leda hankali kwance.

Su ma a nan ba ledar da ke fita sai an gwada ƙanjamau, ciwon hanta B da C da tunjere, sannan a sa ta a firij tsakanin digiri 2 zuwa 6, jajayen ƙwayoyin jinin kan kai kwana 42 ba su lalace ba.

Matsalar ita ce jira. Gadajen ɗaukar jini sun yi kaɗan, layi ya yi tsawo, kuma ba mai fitowa ya ce ga inda aka kwana, da idona na ga wani ya gaji ya tafi, mutumin da ya kawo jininsa kyauta fa! Wannan asara ce babba. In za ku je ku yi sammako, ku sha ruwa sosai, kuma ku tambayi rukunin jininku kafin ku fito don ba sa faɗa sai an tambaya.