Mai gyaran kwamfuta na kusa da Wunti, da batun komawa Windows 11

Aikin monogiram nake yi a Bauchi, kuma duk wanda ya san sana'ar ya san injin ba ya ɗinka komai sai an zana masa a kwamfuta. Manhajar zanen na saye ta da kuɗina tun zamanin Windows 7. Tana da ɗan makulli mai kama da filas, sai an soka shi take buɗewa. Da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, wadda kwamfutata ke kai, ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai yaran shago suka matsa mini lamba a koma Windows 11. Abin da ya kai ni wani ƙaramin shagon gyara kusa da kasuwar Wunti ke nan.

Matashin mai gyaran bai taɓa komai ba sai da ya tambaye ni: "Alhaji, da wace manhaja kake cin abinci?" Tambayar nan ta burge ni. Ya duba, ya ce injin kwamfutata Intel ne zubi na 6, alhali Windows 11 daga zubi na 8 take karɓa, kuma tana neman kariyar da ake kira TPM 2.0. Ya ce akwai hanyar cusa mata ita ta dole, amma ba zai yi wa kwamfutar da ake neman abinci da ita haka ba.

Daga nan ya ɗora manhajar a kan tasa mai Windows 11, ya soka makullin. 'Yar fitilarsa ta kama, amma manhajar ta dage wai ba ta ga makulli ba. Ya canza rami, ya kashe ya kunna, ko gezau. Da ya shiga shafin masu manhajar, sai ga bayani ƙarara: sun daina kula da tsohon zubin, mai son aiki a Windows 11 ya biya kuɗin sabo, kuma da dala.

Ban ce ba su da hujja ba, ma'aikatansu ba iska suke sha ba. Amma ni ban ga abin da sabon zubin zai ƙara wa aikin wuyan riga da nake yi kullum ba. Kuɗin shiga kawai ake nema na ɗakin da na riga na biya.

Shawararsa ita ce tsohuwar kwamfuta ta zauna a Windows 10, a raba ta da intanet, aikin injin ɗinki kaɗai. Zanen da masu kawo aiki ke turowa ta WhatsApp a sauke shi a wata kwamfutar, a tace shi daga ƙwayar cutar kwamfuta, sannan a kawo ta filas. Ya ambaci shirin Microsoft na tsawaita kariya zuwa Oktoba 2026 a kan dala 30, amma ya ce kwamfutar da ba ta hawa intanet ba ta da buƙatarsa sosai. Ya kuma kwashe mini zanukana duka a faifai na daban ba tare da na roƙa ba.

Inda shagon ya gaza shi ne lokaci. "Bayan Azahar" a bakinsa na iya kaiwa Magariba, wurin zama benci ɗaya ne, kuma sai ka nemi rasit kafin a rubuta maka. Mai zuwa ya je da hantsi kafin 'yan makaranta su cika wurin, ya riƙo makullin manhajarsa da cajar kwamfutar.