Mako shida a ajin koyon Python na masu harhaɗa hoton fim a Kaduna

Shekara bakwai ke nan ina tace bidiyo a Kaduna, yawanci tallace-tallace da bidiyon biki, sai kuma ɗan abin da ya samu na finafinan Hausa. Bara ne na fara taɓa Nuke, manhajar kamfanin Foundry na Landan, wadda ake harhaɗa hoto da ita: a cire koren ƙyalle daga bayan jarumi a dasa wani wuri, ko a goge makirfo da ya leƙo cikin hoto. Wata rana na kwashe wani aiki daga wannan faifan ajiya zuwa wancan, sai duk nod ɗin da ke karanto hotuna (nod su ne akwatunan da ake jonawa a Nuke, kowanne da aikinsa) suka rasa hanyar fayilolinsu, su fiye da arba'in. Na kwana ina gyara su ɗaya bayan ɗaya. Da na ba wani abokin aikina labari, ya ce mini layi huɗu na Python, harshen rubuta wa kwamfuta umarni, sun isa su yi wannan aiki, kuma shi ne ya nuna mini wani ɗan ƙaramin aji a Unguwar Rimi inda ake koyar da masu farawa, Asabar da Lahadi, tsawon mako shida.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda malamin ya ɗauko karatun. A ranar farko bai ce mana komai game da tarihin harsunan kwamfuta ba. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, mu tara, yana tambayar kowa aikin da ya fi gundurarsa. Wani ya ce sauya sunayen fayiloli, wata baiwar Allah da ke zuwa daga Barnawa ta ce kashe nod masu nauyi kafin ta kalli aiki sannan ta sake kunna su kafin fitarwa, ni kuma na kawo kukana na hanyoyin da suka ɓace. Waɗannan koke-koke su ne suka zama darussanmu har ƙarshe. Ya buɗe mana tagar da ake kira Script Editor, ya sa muka kunna zaɓin da ke sa manhajar ta riƙa bayyana umarnin Python na yawancin abin da mutum ya danna, sai ga shi muna ganin abin da ke gudana a bayan linzamin kwamfuta da idonmu. Daga nan tsoro ya ragu ƙwarai.

Darasin mako na biyu shi ne wanda na fi amfana da shi, domin a nan na fahimci cewa kusan duk aikin ya rataya ne a kan abubuwa uku: ka kamo nod, ka san sunan madannin da kake son taɓawa a cikinsa, wato gurbin da ake saita wani abu na nod ɗin, sannan ka karanta abin da ke ciki ko ka sauya shi. Da nuke.selectedNodes() ake kamo waɗanda aka zaɓa, da nuke.allNodes('Read') kuma ake kamo duk masu karanto hoto. Sunan madanni ba ya buƙatar hadda, domin idan ka ɗora linzami a kansa ka ɗan dakata, manhajar za ta nuna maka shi. Sai value() ta karanto abin da ke ciki, setValue() ta zuba sabo. Malamin ya dage sai kowa ya rubuta da hannunsa, bai yarda a kwafa daga allonsa ba, kuma ya sa mun maimaita har sai da kowa ya gane cewa babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin Python, haka ma tazarar da ake bari a farkon layi tana da ma'ana. Lokacin da na nuna gajiya ya ce mini, “Malam, yi haƙuri ka sake rubutawa, hannu ne yake koyo kafin kai.” Na sake, kuma ya zauna.

Daga baya muka shiga foldar .nuke, inda fayiloli biyu suke zama, init.py da menu.py, waɗanda manhajar take karantawa duk lokacin da aka kunna ta. A nan mutum yake ajiye umarninsa ya zama maɓalli a jerin kayan aiki, ko ya yi amfani da nuke.knobDefault ya tsayar da yadda yake son kowane sabon nod ya fito. Wannan ɓangare an yi shi da sauri fiye da kima, a zama ɗaya.

Akwai abubuwa biyu da ban ji daɗinsu ba, kuma masu ajin ne ya kamata su gyara. Kwamfutocinsu suna ɗauke da nau'in Nuke na kyauta, wanda aka tanada domin koyo, kuma sharuɗɗansa a bayyane suke: ba a yin aikin kuɗi da shi, ba ya fitar da hoto sama da 1920 da 1080, sannan Python ba ya kamo nod fiye da 10 a lokaci guda. Ba a faɗa mana wannan ba ranar da muka biya kuɗi. Sai a mako na uku, da umarnina ya ƙi kaiwa ga nod arba'in ɗin nan, na ɓata kusan awa guda ina neman kuskure a rubutun da ba shi da kuskure. Na biyu shi ne takardun da aka raba mana, waɗanda wasu misalansu na tsohon Python 2 ne, alhali tun fitowar Nuke 13 a 2021 manhajar ta koma Python 3. Ko umarnin print kaɗai ya bambanta tsakanin biyun, kuma mai farawa idan ya ga saƙon kuskure, kansa yake fara zargi. Da an ware zama guda an koya mana karanta saƙon kuskure, a fara daga layinsa na ƙarshe, da an rage mana wahala mai yawa.

Na kuma so a ce an ba da ko da yini ɗaya ga Fusion, sashen harhaɗa hoto da ke cikin manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve, wanda yake karɓar harshen Lua da Python, domin yawancin abokan aikina a garin nan da shi ko da manhajar After Effects suke cin abinci. Ta fuskar wuri kuwa ba ni da ƙorafi: akwai sola, sau biyu wuta ta ɗauke muna tsakiyar darasi ba tare da kwamfuta ko ɗaya ta mutu ba, kuma ana tsayawa a yi sallar la'asar a kan lokaci.

Wanda bai taɓa haɗa nod biyu a Nuke ba, ya dakata tukuna, domin ajin ba ya koyar da harhaɗa hoto, kuma mutum biyu daga cikinmu sun daina zuwa saboda haka. Wanda kuwa ya riga ya iya aikin, maimaici ne kawai yake cinye masa dare, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Ya zo da kwamfutarsa da wani tsohon aikinsa na gaske, ya kuma tambayi nau'in manhajar da za a koyar da shi kafin ya biya. Ni dai yanzu akwai maɓallai uku nawa na kaina a menu.py, kuma wanda na fi dannawa shi ne mai gyara hanyar fayiloli.