WinDirStat ta nuna mini inda wurin diskina ya tafi

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna, shagona yana kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram. Bayan Sallar layya ordinatar ɗina ta soma nawa. Sandar nan ta diski C ta yi ja wur, giga 3 kacal suka rage cikin 256, ga dangin amarya suna ta sintiri a kan bidiyonsu. Na goge hotuna har na gaji, ko gezau.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou ya leƙo shago ya ce, "Yaya, bari mu ga ɓarawon da idonmu tukuna." Ya ciro kilen USB daga aljihu ya sa mini WinDirStat, manhajar da ke nuna abin da ya cinye wurin diski. Kyauta ce, ba ta da nauyi, akwai ta da Faransanci.

Zanen da take fitarwa a ƙasan allo shi ya saye ni. Kowane fayil akwati ne mai launi, girmansa daidai da wurin da ya cinye, kamar ka hau soro kana hangen rumfunan kasuwa. Wasu shuɗɗan akwatuna suka tare kusan rabin allon. Na danna ɗaya, nan take ta nuna mini mazauninsa: ɗanyen bidiyon hawan Sallah da na ɗauka a ƙofar fadar Sarki, ashe sau uku na kwafe shi a wurare daban-daban. Kusa da su kuma tarkacen da manhajar haɗa bidiyo ke tarawa a ɓoye, na bukukuwan da aka gama tun bara. A yammacin nan na kwato giga 90.

Sai dai ita nuni take yi, hukunci naka ne. Na ga wani ƙaton akwati mai suna hiberfil.sys, hannuna har ya kai, ƙanena ya ce, "A'a Yaya, bar wannan." A cikinsa Windows ke adana aikin da kake kai idan na'ura ta yi dogon barci, abin da ke ceton mu idan kuran ya tafi, batir ya ƙare. Haka pagefile.sys, na Windows ne, ba a taɓa shi.

A kan tsohon diskin waje mai tera 1 ta ɗan jima tana ƙirga, har na sha shayi zagaye biyu. Yanzu duk ranar da na miƙa bidiyon biki, sai na buɗe ta kafin in rufe shago.